Yadda harsashi ke wuce farfelar jirgin yaƙi

Malam, ka tambayi yadda jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya ke harbi ta gaba, harsashi bai farfasa farfela ba. Dabarar farko ai ganganci ce. A Afrilun 1915 matuƙin jirgi Roland Garros na Faransa ya tashi da ƙarafa liƙe a farfelarsa ta katako, harsashin da ya buge su sai ya goce. Ya kakkaɓo jiragen Jamus 3, a watan kuma Jamusawa suka kama shi.

Kamfanin Fokker, mai ƙera wa Jamus jirage, shi ne ya kawo na'urar da ke haɗa kunamar bindiga da juyawar inji, harsashi ba ya fita sai farfela ta kauce. Ita ma takan yi gardama: a 1916 matuƙin jirgin Jamus Max Immelmann ya harbe tasa farfelar yana sama.