Tambaya da Amsa: Na canza wa bindigar farauta katako, saiti ya watse

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina da bindigar farauta mai lasisi, Remington 700, katakon da tazo dashi ne ya tsage ta wajen mariƙa sai na sayi sabo wanda akace don irinta akayi shi. Ya shiga lafiya lau, na ɗaure noti biyun nan tamau, amma tun daga ranar harsashi baya zuwa waje ɗaya. Da can a mita 100 guda uku zasu taru kusa da juna, yanzu ɗaya sama ɗaya gefe. Wani abokina yace sai na zuba gam a ciki. Dan Allah gam kuma a bindiga? Ko dai madubin saitin ne ya lalace?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka yana da gaskiya, amma kar ka yi saurin buɗe gwangwanin gam, don in baka san inda ciwon yake ba ƙara ɓata abin zakayi. Madubi kam bana zarginsa tunda ba shi ka taɓa ba, duk da haka ka duba ko ƙafafunsa sun yi sako-sako, minti biyu ne.

Abinda ke faruwa shine, katakon kanti ana fafe cikinsa ne da ɗan yalwa don ya karɓi kowace bindiga ta wannan samfurin, kaga kenan ba jikin taka aka auna ba. Gidan sakata, wato ƙarfen da sakata mai tura harsashi cikin bututu ke gudu a ciki, zai zauna a kan tudu biyu ko uku kawai, sauran wajen iska ne, kamar tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Da ka ɗaure noti da ƙarfi sai ƙarfen ya ɗan lanƙwasa, ido bazai gani ba amma harsashi zai nuna, kuma duk harbi ɗaya bindigar ta motsa a cikin katakon ta koma ta zauna a wani sabon wuri. Shi yasa suke watsewa.

Ga yadda zaka gane. Ka fara cire harsashi, ka zare sakata gaba ɗaya, ka leƙa da idonka ka tabbatar ba komai a ciki. Sai ka tsayar da ita, ka ɗora yatsa daidai inda bututu ya haɗu da bakin katako, ka sassauta notin gaba a hankali ka sake ɗaurewa. In kaji bututun yana ɗagawa yana sauka a ƙarƙashin yatsanka to ƙarfen a takure yake. Masu gyara da agogon awo suke dubawa, in motsin ya wuce kamar inci 0.002 sai suce da gyara.

Kafin maganar gam, sai ƙarfe ya zauna da kansa tukuna. Ka shafa masa baƙin hayaƙin kyandir ko jan-baki ta ƙasa, ka sa shi a katako ka danna ka cire, duk inda kaga tabo to nan yake gogawa. Ka kankare da ƙaramin kurfi ko sanfefa kaɗan-kaɗan, ka sake shafawa ka sake gwadawa. Aikin haƙuri ne wallahi, kuma abinda ka kankare baya dawowa. Ka lura da kurmin da hannun sakata ke sauka, da wajen kunama, in ɗayansu yana taɓa katako shi kaɗai ya isa ya ɓata maka saiti.

To yanzu gam ɗin. Ba wai za'a manne ƙarfe da katako bane, a'a, so ake gam ɗin ya ɗauki siffar ƙarfen ya bushe a haka, ya zama shimfiɗar da tayi daidai da jikinsa ba rami ba tudu, kuma ka iya cirewa ka mayar duk sanda kaso. Gam mai haɗi biyu ake amfani dashi, irin su Acraglas na kamfanin Brownells ko Devcon 10110 mai garin ƙarfe ko Marine-Tex. Wanda ke kamawa a minti 5 ka rabu dashi, bazai baka lokacin gyara zama ba.

Waje biyu ne masu muhimmanci a irin taka. Na farko wajen harshen ƙarfen nan da ke maƙale tsakanin bututu da gidan sakata, shine yake tare naushin da bindiga keyi baya ya miƙa wa katako. Na biyu can baya inda notin baya yake shiga. Ka rage katako a wuraren nan kamar milimita 2 zuwa 3 don gam ya samu wajen kwanciya, ka bar fuskar da kaushi harma ka ɗan huda ƙananan ramuka ya samu abin kamawa, amma ka bar ɗan waje ɗaya baka taɓa ba wanda zai riƙe maka tsayin asali. Shi harshen kuma ka liƙa masa salatif ta gaba da gefe da ƙasa, bayansa kaɗai zaka bari tsirara don nan ne ake so ya jingina. Ka naɗa salatif a bututu can kusa da bakin katako har ya tsaya a tsakiyar kwarin katakon da yake kwanciya a ciki.

Inda nake so ka nutsu sosai shine nan. Ka cire kunama da akwatin harsashi, duk wani rami ko tsaga da ke jikin ƙarfen ka toshe da yumɓun roba irin na wasan yara, don in gam ya shiga rami ya bushe ya zama makulli kenan. Sannan ka shafa man takalmi marar launi, irin Kiwi ya wadatar, ko kakin goge katako, a ko'ina jikin ƙarfe, da noti da zarensa da kan salatif ɗin ma, ka bari ya sha iska ka goge ka sake shafawa. In kana kokwanton wani lungu ka ƙara masa. Wajen katakon shima ka rufe da salatif saboda gam zai fito ta gefe.

Ka haɗa gam daidai yadda aka rubuta a jikinsa ba da ka ba, ka shafa, ka sauke ƙarfen a miƙe. Kar ka ɗaure noti da ƙarfi a wannan matakin, in kayi haka lanƙwasar nan da kake gudu ita zaka busar a cikin gam. Dogayen noti marasa kai ake sawa don saita ramuka, sai a naɗe da roba ko salatif ya riƙe. Wanda ya tsatso ka share da tsinke da auduga tun yana ɗanye. Ka barshi awa 24 kafin ka raba su, ka share, ka buɗe ramukan noti da ƙaramin dirili don kada noti ya taɓa bango, in ya taɓa shi zai koma ɗaukar naushi kuma haka ne katako ke tsagewa. Harbi kuma ka ƙara masa kwana biyu zuwa uku.

Wajen ɗaurewa a katako zalla mafi yawa inci-fam (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti) 30 zuwa 40 ake yi, wanda ke da ginshiƙin alminiyam a ramin noti wasu kamfanoni suna bada har 65, ka bi abinda mai katakon ya rubuta. Kuma kafin harsashi ya shiga, ka ɗana ta ba komai a ciki, ka sa makullin tsaro ka ja kunama, ka cire makullin, ka ɗan buga gindinta a ƙasa. In ta tashi da kanta ko sau ɗaya ne kar ka fita da ita, ka kai wa ƙwararren mai gyara. Wannan ba abin wasa bane, rai ne a gaba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni na riga na zuba gam ɗin, kuma yanzu ƙarfen yaƙi fita, na ja na ja ko motsi. Yaya zanyi?

AMSA: Kar ka sa guduma, kar ka ɓanɓara da sukudireba. Ka sa bindigar a firiza ta kwana, ƙarfe da gam ba tafiya ɗaya sukeyi wajen tsukewa ba, da safe ka riƙe katako ka bubbuga ƙasan bututu da gudumar roba, sau da yawa zakaji ta saki. In taƙi, wasu suna ɗumama ƙarfen da dutsen guga har gam ya yi laushi. In kuwa gam rami ya shiga ya kulle, to gaskiya sai dai a sadaukar da katakon a yanka shi, amma ka bari mai gyara ya gani kafin nan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, tawa Mauser 98 ce tsohuwa, na sa mata sabon katako. Ance dole bututu ya tsaya a iska baya taɓa komai, haka ne? Kuma na lura lokacin danshi saitina yana tashi sama.

AMSA: Tare da naka ya daɗe. Tashin saitin nan katakon ne yake shan danshi ya kumbura ya tura bututu. Ka zura takarda a ƙarƙashin bututun daga gaba ka ja ta baya, inda ta tsaya nan ne yake taɓawa, ka naɗa sanfefa a sanda mai zagaye ka rage, sannan ka shafe cikin kwarin da mai ko fanish, don ɗanyen katako in an barshi a buɗe shekara mai zuwa ma haka zai sake yi maka. Amma bazan ce dole ba. Akwai siraran bututu da suka fi tara harsashi in akwai ɗan tudu yana tokare su a bakin katako, kuma gwadawa ba wuya, ka harba uku a sake, ka cusa ɗan kwali a wajen ka harba uku, ka ga wanne yafi.

Abu ɗaya da ya shafi Mauser, ita harshenta a jikin gidan sakata yake kuma notin gaba cikinsa yake shiga, don haka ka toshe wajen da kyau in zakayi gam. Sannan wutsiyar ƙarfen nan ta baya ka bar mata ɗan sarari a bayanta kamar kaurin kati, in ta jingina da katako duk harbi tsaga shi takeyi kaɗan-kaɗan, har wata rana kaga layi ya fito a mariƙa.