Ricevuta ba ta tsallaka iyakar Faransa, ku juya motar gabas

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga arewacin Italiya: "Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata masana'antar ƙarfe kusa da Brescia. A hutun Agusta mu huɗu mun shirya mu shiga motar abokinmu mu gangara Jenowa, mu bi bakin teku har birnin Nis na Faransa, mu ɗan kwana biyu mu dawo. Sai dai permesso ɗina, wato takardar izinin zama, ya ƙare, na kai takardun sabuntawa gidan waya, ricevuta, wato rasit ɗin da suka ba ni, kawai ke hannuna. Abokaina sun ce ba komai, ai Turai babu boda. Ga shi Hajiya ta yi mini maganar kuɗin taki, sai nake jin kamar almubazzaranci zan yi. In je ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka je, amma ba Nis ba.

Abokanka rabin gaskiya suka faɗa maka. Wanda ke riƙe da permesso mai rai da fasfo mai rai yana iya shiga sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, ya yi kwana 90 a cikin kowane kwana 180, don ziyara, ba don aiki ba. Kai ba a wannan layin kake ba tukuna. Ricevuta tana kare ka a cikin Italiya: da ita kake ci gaba da aiki, da ita zamanka yake halal har Questura, wato hedikwatar 'yan sanda mai kula da takardun baƙi, ta kira ka. Da ita ma kana iya zuwa gida ka dawo, in dai jirgin bai sauka a wata ƙasar Schengen ba a hanya. Amma ɗan sandan Faransa ba ruwansa da ita. A wurinsa kai mutum ne mai takardar zama da ta mutu.

Kuma duk iyakokin da za ku zaɓa, kun zaɓi wadda aka fi sa wa ido. Tun watan Nuwamban 2015 Faransa ta dawo da bincike a kan iyakokinta, tana sabunta shi duk bayan wata shida, kuma tsakanin Ventimiglia ta Italiya da Menton ta Faransa abin ya fi tsanani. Ana shiga jirgin ƙasa a tashar Menton-Garavan a bi tarago-tarago, ana tare motoci a hanyar bakin teku da ta saman dutse, ana tsayawa a wurin biyan kuɗin hanya na La Turbie. Ba sai na ɓoye maka ba, mota ɗauke da samari baƙaƙen fata huɗu ba ta cika wucewa ba a ɗaga mata hannu ba. In an tsayar da ku a bakin iyaka, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a hana ka shiga, a miƙa ka ga 'yan sandan Italiya, wataƙila bayan ka kwana a tsare. In kuwa ka riga ka shige aka kama ka a ciki, ana iya ba ka takardar umarnin barin ƙasa, wani lokaci har da haramcin dawowa, wanda ake shigarwa a kundin da duk ƙasashen Schengen ke dubawa. Mai jiran sabuntawa ba ya son sunansa a wannan kundin ko da kuskure.

Abin da ya fi damuna ma shi ne mai motar, domin na tabbata bai san abin da yake shirin ɗauka ba. A dokar Faransa, taimaka wa wanda ba shi da izini ya shiga ƙasar laifi ne da hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar Yuro 30,000. A 2018, kan shari'ar wani manomi na kwarin Roya, Cédric Herrou, majalisar kare tsarin mulkin Faransa ta yarda cewa taimakon jinƙai ga baƙon da ke cikin ƙasa ba laifi ba ne, amma ba ta cire shigo da mutum daga laifi ba. Kana iya cewa ai ba kuɗi ya karɓa ba, abota ce. Haka ne, sai dai a ofishin 'yan sanda za a yi wannan bayanin, motar tana ajiye a waje. Kada ka jefa abokinka cikin wannan don hoto a Nis. Ka kuma tambayi sauran biyun, ba da wasa ba, wace irin takarda ke hannunsu. Mai permesso na neman mafaka shi ma ba ya fita Italiya da shi.

To ina za ku? Idan kun sauko Jenowa ta Piacenza da Tortona, maimakon ku yi dama zuwa Faransa, ku yi hagu. Ku bar babbar hanya mai ramukan dutse, domin a kanta teku walƙiya kawai yake yi muku tsakanin rami da rami. Ku hau tsohuwar Via Aurelia. Daga Nervi hanyar takan hau ta sauka, gidaje masu launin ja da rawaya a manne da dutse, zaitun ta sama, ruwa shuɗi ta ƙasa. Ku tsaya a Recco ku ci focaccia, wani irin burodi mai faɗi, mai cuku tun tana da zafi, ku gangara Camogli ku ga dogayen gidajen masunta a jere a bakin ruwa. Portofino kuwa kada ku kai mata mota a Agusta. Hanyar siririya ce, wurin ajiye mota tsada kamar me. Ku bar motar a Santa Margherita ku shiga bas.

Bayan Sestri Levante akwai wani yanki da nake so ku bi a hankali. Daga Riva Trigoso zuwa Moneglia hanyar tana ratsa tsofaffin ramukan jirgin ƙasa, faɗinsu mota ɗaya tak. Fitilar hanya ce ke ba da hannu, ɓangare ɗaya ya wuce, ɗayan ya jira. In kun tarar da ja, ku kashe inji ku jira, ko da kun ga ba kowa. In ta ba ku kore, za ku shiga duhu mai sanyi, bango dab da madubin mota, sai can rami ya ƙare haske ya buge ku, ga teku a ƙasan taga, kafin ku gama kallo kun sake shigewa wani. Wanda ba ya son matsatsi sai ku bi ta sama, ta Passo del Bracco, mai tsayin sama da mita 600, inda za ku hango gaɓar daga nesa.

Ku kwana a Levanto, ku bar motar a can. Ƙauyukan Cinque Terre biyar, wato Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore, da jirgin ƙasa ake shigarsu, mintuna kaɗan ne tsakanin kowanne. Tun 1997 suke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Ni abin da ya fi kama ni a wurin ba launin gidajen ba ne, gonakin ne. Mutane sun sassaƙa dutse hawa-hawa, sun jera duwatsu ba siminti suka tare ƙasa, suka shuka inabi da lemo a inda akuya ma sai ta yi tunani. Ɗan manomi irinka zai tsaya ya daɗe yana kallon wannan aikin.

Mu dawo kan mota. Wa zai tuƙa? Lasisin Najeriya ko na Gana ko na Nijar yana aiki ne shekara ɗaya kacal daga ranar da mutum ya yi rajistar zama, bayan nan sai patente, wato lasisin Italiya. Kar wanda ya taɓa sitiyari da tsohon lasisin gida wai don direba ya gaji. Bayan tara da ƙwace lasisi, in aka yi hatsari kamfanin inshora na iya biyan wanda aka buge sannan ya juyo kan direba da mai mota ya nemi kuɗinsa, kuma irin wannan bashi yakan bi mutum shekaru. Wanda patente ɗinsa bai cika shekara uku ba, kilomita 100 a awa ne iyakarsa a babbar hanya. Mai motar ya duba inshora da revisione, wato gwajin lafiyar mota, kafin ranar. Ku kuma buɗe ido da allon ZTL, wato alamar inda aka taƙaita shigar mota, farin da'ira mai jan baki a bakin tsofaffin unguwanni. Ba ɗan sanda a wurin, kyamara ce, sai bayan watanni wasiƙar tara ta iso gidan mai mota, lokacin kowa ya watse. Ku yi alkawari tun yanzu cewa in ta zo ku huɗu za ku raba. Kuɗin mai da na hanya da na masauki ma ku yi karo-karo ku danƙa wa mutum ɗaya tun kafin a tashi, domin yawancin abotar da ke ɓaci a tafiya a gidan mai take ɓaci.

A jikinka, ba a cikin jaka a but ba, ka riƙe fasfo, tsohon permesso da ricevuta ta asali, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Masauki zai nemi takardar kowa, domin doka ta sa su kai sunayen baƙi ga 'yan sanda. Ka duba ranar da aka ba ka ta zuwa Questura ɗaukar zanen yatsa, kada ta faɗa cikin tafiyar. Hutun kuma ya zama na ferie, wato hutunka na shekara, a rubuce. Kada wani ya ba ka shawarar karɓo takardar rashin lafiya don ƙara kwana. Likitan INPS, hukumar inshorar ma'aikata, na iya ƙwanƙwasa ƙofarka ya duba ko kana gida tsakanin 10 zuwa 12 na safe ko 5 zuwa 7 na yamma, kuma kwantiragin aikinka shi ne ƙashin bayan sabuntawarka. Ku guji tashi ranar Asabar ko dab da 15 ga Agusta, lokacin da duk Milan ke gangarowa teku. Talata bayan sallar asuba ta fi.

Salla ba matsala. Daga Brescia zuwa Jenowa ya haura kilomita 200, kun wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba, muddin ba ku yi niyyar kwana huɗu a wuri ɗaya ba. A tsohon garin Jenowa, wajen unguwar Prè, akwai ƙananan masallatai da mahautan halal. Kifi ya wadata a gaɓar nan, ga farinata da ake gasawa da garin wake da man zaitun. Burodi da focaccia ne za ku riƙa tambaya ko an sa strutto, wato kitsen alade, domin wasu gidajen burodin suna sawa.

Sai maganar ruwa, kuma a nan ina roƙonku. Yawancinmu ba mu tashi da iyo ba, wanda ya iya ma a kududdufi ko kogi ya koya. Gaɓar Liguria, yankin da za ku bi, tsakuwa ce, taku uku huɗu ƙasa ta zurma. Ku yi wanka inda akwai mai tsaron gaɓa, in an ɗaga jar tuta kar ku shiga, kar kuma wani ya yi tsalle daga kan dutse don ya ga yaran gari suna yi. Lambar gaggawa 112 ce, ta masu gadin teku 1530. Idan a cikinku akwai wanda ya shigo ƙasar nan ta Agadas da Libiya, a cikin kwalekwalen roba, ku sani wannan tekun ne ya ratso. Wataƙila bai taɓa ba ku labarin daren ba. In an zo shiga jirgin ruwa na yawon buɗe ido ya ce shi zai jira a tudu, kada a tsokane shi, kada a tambaye shi dalili. Ɗayanku ya zauna da shi.

Kuɗin takin Hajiya kuwa ka tura kafin ka sa ƙafa a mota, cikakke, ba rabi ba. Abin da ya rage shi ne kuɗin tafiya, in bai kai kwana huɗu ba ku yi biyu. Bayan haka ka daina kiran abin almubazzaranci. Mutumin da ke tsaye gaban injin shekara guda yana da haƙƙin ya ga ƙasar da yake zubar wa gumi, kuma wanda ya ƙi hutawa jikinsa ne zai kwantar da shi, ranar kuwa ba kuɗin taki ba na magani. Ka kira Hajiya ka gaya mata za ka yi 'yar tafiya da abokai, ka nemi addu'arta. Gara ta ji daga bakinka da wata ƙanwar babanka ta kai mata waya ta ce ga ɗanki can yana shaƙatawa. Hotunan ma ka tura wa na kusa kai tsaye. In ka zuba su a WhatsApp kowa ya gani, wanda ka ce wa ya yi haƙuri watan jiya zai ɗauka ƙarya ka yi masa, ba zai san ku huɗu kuka matsu a ɗaki ɗaya ba.

Nis tana nan. Ka riƙa duba matsayin takardarka a shafin 'yan sandan Italiya da lambar da ke jikin ricevuta. Ranar da ka karɓi sabon katin, ka duba sunanka da ranar haihuwa harafi-harafi kafin ka bar tagar, ka tabbatar fasfonka ma yana da sauran rai, in ya kusa ƙarewa ka fara neman sabo a ofishin jakadanci da ke Roma tun da wuri. Daga nan sai ku sake haɗa tafiyar yamma, ta Savona da Sanremo har Menton. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.