Ku Tambayi Kawu: Mun biya a rubuta mana sabon kiɗa, na waye?

Salam Kawu, ya zafi ya iyali. Mu biyar ne a nan Garwa duk 'yan fanfar, muna busa a defile na 20 ga Mayu da bukukuwa, amma wlh mun gaji da maimaita kiɗan badujalan nan da kowa ya haddace. So muke a rubuta mana sabon kiɗa namu na kanmu, irin wanda za a zauna a saurara ba na tafiya a titi ba, mu busa a gaban jama'a sannan mu ɗauka mu sa a YouTube. Muna da trompet biyu, trombon ɗaya, bariton ɗaya da wani tsohon susafon. Wani malamin kiɗa a Yawunde yace zai rubuta in mun biya. Toh in mun biya ya zama namu kenan? kuma me za mu faɗa masa?
Mai busa trompet, Garwa

Wa alaikumus salam ɗana, zafi kam sai godiya. Abin da kuke son yi ɗin nan wasu sun riga ku kuma da irin matsalarku suka fara. Wannan tsari na mutum biyar, wato trompet biyu, kor ɗaya (ƙahon tagulla mai naɗi kamar katantanwa), trombon ɗaya da tuba (babban mai muryar ƙasa), bai daɗe da kafuwa ba, bayan yaƙin duniya na biyu ne ya zauna da gindinsa. Ƙungiyar New York Brass Quintet a 1954 aka kafa ta, American Brass Quintet a 1960, a Ingila kuma Philip Jones ya haɗa tasa tun 1951. Da suka haɗu sai suka tarar kiɗan da aka rubuta musamman don irin kayansu bai taka kara ya karya ba, in ka cire ɗan abin da Victor Ewald na Rasha ya bari yawanci aro ake yi daga kiɗan coci da na goge, shi ne suka shiga bin marubuta kiɗa suna cewa ku rubuta mana. Wanda Malcolm Arnold ya rubuta wa 'yan New York a 1961 har yau ɗalibai na busa shi a duniya.

Yanzu maganar na waye. Ka ɗauka kamar attajiri ne ya sa mawaƙi ya yi masa waƙa, ya ba da mota ya ba da riga, sunansa na cikin waƙar har abada amma ba wanda zai ce shi ya yi ta. A wannan sana'a al'adar da aka saba ita ce kuɗinku ya sayi aikin rubutawa, da damar ku zama farkon waɗanda za su busa, da a rubuta sunan ƙungiyarku a saman takarda, shi kuma marubucin ya riƙe haƙƙin abinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru, mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, ta raba abin gida biyu, akwai haƙƙin suna wanda ba a sayar da shi ko nawa ka biya, akwai kuma haƙƙin cin moriya, wato busawa, ɗauka, sayarwa, shi wannan yadda kuka yi yarjejeniya haka zai tafi. Don haka dan Allah kar ku tsaya a kan maganar baki ko voyis na WhatsApp, ku rubuta ko da shafi ɗaya ne kowa ya sa hannu. A ciki a faɗi minti nawa kiɗan zai kai, ranar da zai kawo, nawa ne kafin alƙalami (yawanci rabi a farko rabi in ya kawo), wata nawa ko shekara nawa za ku riƙe shi ku kaɗai kafin wata ƙungiya ta taɓa, sannan wannan da mutane ke mantawa, a rubuta ƙarara cewa kuna da izinin ɗauka ku sa a intanet, don izinin busawa a zaure daban izinin ɗauka daban. Ku tambaye shi ko ɗan SONACAM ne, wato ƙungiyar da ke kula da haƙƙin masu kiɗa a Kamaru, in ya yi rajistar kiɗan a can gara ku sani tun yanzu. In kuɗin ya fi ƙarfinku ku nemi wata fanfar a Marwa ko Ngaundare ku haɗa, kowa ya samu damar fara busawa a garinsa, ƙungiyoyin Turai da Amurka ma haka suke karo-karo.

Amma ni abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba kuɗin bane, kayanku ne. Ba ku da kor ba ku da tuba, kuma malamin nan in ba ku faɗa masa ba, zai zauna a Yawunde ya rubuta wa tsarin mutum biyar na cikin littafi mai kor da tuba, ya aiko, mai bariton ya duba ya ga abin da ba zai iya ba. Ku ɗauki kowa a waya shi kaɗai, ya busa daga muryar da ta fi ƙasa zuwa wadda ta fi sama da yake iya kaiwa ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba, ku tura masa. Ku gaya masa gaskiya waye ke karanta partisiyon, wato takardar kiɗa, waye ke bi da kunne, ba abin kunya bane, da manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore wadda kyauta ce zai iya fitar wa kowa sautin layinsa daban ya turo ya haddace. Ku kuma faɗa masa yadda kowa ya saba karantawa, don trompet ɗinku a si bemol take, in mai ita ya ga do a takarda abin da ke fita si bemol ne, masu bariton da bas kuma wasu a kile na sol aka koya musu wasu a na fa (kile ita ce alamar farkon layin kiɗa da ke nuna yadda za a karanta shi), in aka rubuta wa mutum a wanda bai saba ba ranar repetisiyon za a yi ta kallon-kallo. Sannan ya bar muku wurin hutu. A fanfar mai mutum ashirin, in leɓenka ya mutu sai ka sauke na kusa da kai ya rufa maka asiri, a biyar kuwa kowa shi kaɗai ne a layinsa ba mai rufa wa wani. Ni a ganina na farko kar ya wuce minti biyar ko shida.

Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundare ina ɗan taɓa rubuta kiɗa, inaso in sa kakaki a cikin wani da nake rubuta wa trompet da trombon. Zai yiwu?
Ɗalibi, Ngaundare

Zai yiwu ƙanena, kuma in ka yi shi da hankali zai fi duk wani kwaikwayon Turawa daɗi, amma kafin maganar sauti akwai maganar fada. Kakaki kayan sarauta ne, Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su, shi kuwa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau a fadar lamido ko sarki ba a busa wa kowa shi sai mai shi. Masu busan suna da shugabansu suna da ladabinsu. Ka je ta hannun manya ka gaida su ka faɗi abin da kake so da inda za a busa, in sun ce a'a ka haƙura, kar ka je ka ja wani yaro gefe da ɗan kuɗi ya ɗauko a ɓoye, shi za ka jawo wa.

In sun yarda toh ga inda aikin yake. Trompet tana da fiston uku da ke ƙara wa iska tsawon hanya, dabarar da Stölzel da Blühmel suka yi wa rajista a Jamus a 1818, shi ya sa take iya fitar da kowace murya. Kakaki bututu ne miƙaƙƙe ba fiston ba rami, yawanci murya biyu ake samu a ciki, ta ƙasa da ta sama, kuma tsawon da maƙeri ya ba shi ne ya yanke ko wace murya ce, bai san wani la 440 da ake saita kayan kiɗan zamani da shi ba. Kenan kai za ka bi shi. Ka fara ɗaukar kakakin da za a yi aikin da shi, wannan ɗin dai ba wani ba don kowanne da muryarsa, ka auna da manhajar saita murya a wayarka, ka gina kiɗan a kan muryoyin nan biyu, 'yan trompet su ja bututun saitinsu su same shi, mai trombon shi ya fi kowa sauƙi tunda da zugewa yake aiki. Kuma ka tuna abin da yake busawa magana ce, kirari ne yake bi da hawa da saukar harshe, ba zai tsaya yana ƙirga maka ɗaya biyu uku huɗu ba. Ka bar masa fili ya faɗi nasa yadda ya saba, sauran su riƙe doguwar murya a ƙasa ko su amsa masa in ya sauke. Ka tambaye shi ma'anar abin da zai busa, kar ka je ka sa taken wani sarki a wurin da bai dace ba.

Kawu ina wuni. Ina da ɗan studiyo a Njamena, wasu 'yan busa biyar na so in ɗauke su amma ɗakin ƙarami ne kuma mikro biyu kawai nake da su. Na gwada da waya sautin duk ya fashe.
Ƙanwarka a Njamena

Lafiya lau ƙanwata. Mikro biyun sun isa, ɗakin ne bai isa ba. Studiyon da aka lulluɓe da soso don mai waƙa ɗaya kashe kayan tagulla yake, su suna son rufi mai tsawo da ɗan amsa-kuwwa, ki nemi aron babban aji ko zauren taro ko coci ranar da ba kowa. Ki jera su rabin da'ira, tuba a tsakiya ko can gefe, mikro biyun a haɗe wuri ɗaya a gabansu kamar taku uku zuwa huɗu, sama da kansu kaɗan, kuma kar bakin trompet ya kalli mikro kai tsaye, abin da ya fasa miki sauti kenan, a kusa da baki ƙararta na wuce desibel 100. In akwai mai kor ki lura bakinsa baya yake kallo, ki sa bango a bayansa ya dawo da sautin. Ki ce su busa wurin da ya fi ƙara tukuna ki saita, ki bar sarari sosai a sama, ki sa saitin ingancin ɗauka a 24 bit.

Zafi ma abokin gaba ne, iska in ta yi zafi muryar kayan busa hawa take yi, kuma kin san Maris da Afrilu a Njamena ana wuce digiri 40, ga fanka dole a kashe ta lokacin ɗauka. Ki kira su da sassafe bayan asuba kafin 'yan moto su cika titi, ki duba lokutan kiran sallah na masallacin kusa, ki caja batir saboda ɗauke wuta. A fara da mai wuya tun leɓe na da ƙarfi, a riƙa hutawa, in lokacin hunturu ne su zo da man leɓe da man fiston don ƙura na maƙale su. Wanda ke buga ƙafa a ƙasa yana ƙirga ki shimfiɗa masa darduma ko ya cire takalmi. Kafin ki danna komai ki nemi ganin takardar izinin wanda ya rubuta kiɗan, in kuma za a sayar ku leƙa BUTDRA, ofishin haƙƙin mallaka na Chadi.