Tambayoyinku kan Wi-Fi: sabis, mita da kalmar sirri

Tambaya daga Madina: Wi-Fi ɗina yana nuna cikakken sabis, amma WhatsApp ya ƙi buɗewa.

Amsa: Malam, sandunan nan ƙarfin haɗin wayarka da rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, kawai suke nunawa, ba ruwansu da ko intanet yana shigowa daga kamfani. Ka duba ko kuɗin wata ya ƙare, idan bai ƙare ba ka kashe rautar ka sake kunna ta.

Tambaya daga Jidda: Rautarmu tana nuna suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wanne zan shiga?

Amsa: Wannan mitar 5 GHz ake nufi, wato zangon rediyon da Wi-Fi ke bi, ba 5G ɗin layin waya da kamfanonin sadarwar Saudiyya STC da Zain da Mobily suka fara a 2019 ba. Ta fi sauri, sai dai bangon kankare yana raunana ta. Mitar 2.4 GHz ta fi kaiwa nesa amma cunkoso ya yi mata yawa, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke aiki. A falo ka shiga ta farko, a uwar ɗaka ta biyu.

Tambaya daga Rusaifa, Makka: Kullum bayan isha'i intanet ɗinmu sai ya riƙa jan ƙafa. Kalmar sirrinmu lambar wayar maigida ce.

Amsa: Hajiya, ai kin amsa tambayarki da kanki. Lambar da mai shagon layinku da direban da ke kai yara makaranta suke da ita ba za a kira ta sirri ba. Sannan duk baƙon da ya sauka a gidanku lokacin Umara ko aikin Hajji an ba shi, wayoyin yanzu kuma suna miƙa wa juna Wi-Fi ta hoton QR ba tare da an rubuta komai ba, ta haka ɗan maƙwabci guda zai shigar da rabin benenku.

Ki shiga shafin rautar, adireshinsa yana jikin takardar da aka manna a ƙasanta, ki ƙirga wayoyin da ke haɗe, na tabbata za ki yi salati. Ki sauya kalmar. Ƙa'ida haruffa 8 ne mafi ƙaranci, ni dai ba na yarda da ƙasa da 12. A wurin tsaro ki zaɓi tsarin kulle Wi-Fi na WPA3 na 2018, idan babu ki ɗauki WPA2 na 2004. Rautar da tsohon tsarin WEP kaɗai ta sani, wanda aka karya tun 2001, ta kai a yi mata ritaya. Ki kashe WPS, wato hanyar shiga Wi-Fi da maɓalli ko gajeriyar lamba maimakon kalmar sirri, domin tun 2011 aka gano raunin lambarsa. Baƙi kuwa ki buɗe musu sashen baƙi mai kalmarsa daban, ki rufe shi ranar da suka tafi.

Tambaya daga Ɗa'if: Idan na ɓoye sunan Wi-Fi ɗina, na tsira daga masu kutse?

Amsa: A'a, Alhaji. Manhajojin kyauta suna gano ɓoyayyen suna cikin sauƙi. Ka karanta amsar da na ba Hajiya.