Me ya sa kilas ba zai ƙirƙiri abin da yake buƙata da kansa ba?

Ɗan'uwa, ka tambayi amfanin miƙa wa kilas (wato class, wani ɓangaren manhaja mai aikinsa na musamman) abubuwan da ya dogara da su daga waje, alhali yana iya gina su a cikinsa. Wannan salon shi ake kira dependency injection.

Ɗauki kilas ɗin da ke lissafa kuɗi sannan ya aika wa mai saye imel. In a cikinsa ka gina mai aika imel ɗin, ranar da za ka gwada lissafin kawai sai saƙonni na gaske su riƙa fita. Aka ce a koma saƙon tes kuwa, dole ka farke shi. Amma in lokacin gina shi ne yake karɓar duk wani abu da ya iya aika saƙo, wajen gwaji sai ka ba shi na bogi, wanda ke ajiye saƙon ba ya turawa.

Martin Fowler, wani masanin gina manhaja, shi ne ya yaɗa sunan salon a 2004. Kayan aikin gina manhaja irin su Spring da Angular suna yi maka haɗin, sai dai ba dole ne sai da su ba. A ƙaramar manhaja ni gara in haɗa komai da hannu a inda take farawa, don in ga wa ke karɓar me ba tare da laluben duhu ba.