Inshorar lafiya da mai ciwon sukari

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana da ciwon sukari, yana kuma cikin inshorar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Duk wata ƙwayar ciwon sukari ta metformin kawai yake karɓowa. Iyakar abin da inshora ke yi ke nan? Daga wata uwargida, Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Babban amfanin inshorar shi ne magani ba ya yankewa, domin kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai yake biya. Mai saye da aljihunsa kuwa, da wata ya yi nisa sai ya tsallake, sukari ya hau.

Amma ƙwaya kaɗai ba ta isa ba. Ya nemi gwajin jini na HbA1c duk wata 3 zuwa 6. Shi ke nuna yadda sukari ya kasance a watannin baya, kuma ga yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7. Sau ɗaya a shekara a duba bayan idonsa, a gwada fitsari da jini saboda ƙoda. Ƙafa kuwa a duba ta a kowane zuwa, domin ciwon yana kashe jijiya har mutum ya taka ƙusa bai ji ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne turawa. Kafin ya je Asibitin Malam Aminu Kano ganin ƙwararre, ya karɓi takardar turawa da lambar amincewar kamfanin inshorarsa daga asibitinsa na farko, in ba haka ba shi zai biya. Ya tambaya kuma ko tsarinsa ya ƙunshi tsinken gwajin sukari a gida.