Zanen Rembrandt a Gwanjo: In Taya ko In Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani zanen Rembrandt a kundin wani gidan gwanjo, an rubuta cewa daga farantinsa na asali aka buga shi, kuma kuɗin da aka ƙiyasta bai kai yadda na zata ba. In taya? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki ɗan dakata tukuna, domin wannan "farantin asali" magana ce mai harshen damo. Rembrandt, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Holland, ya rasu a 1669, amma da yawa daga farantan tagullar da yake karce zane a kansu don a shafa tawada a buga a takarda sun ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu, ana ta bugawa da su har ƙarni na 19 da bayansa. Kowane bugu yana cin faranti. Siraran layuka su dushe, inuwa ta koma toka-toka, wani ma ya sa allura ya sake karce wuraren da suka goge. Ba su yi miki ƙarya ba, sai dai bugun zamaninsa da na bayan shekara ɗari biyu ba kuɗinsu ɗaya ba. Arahar da kika gani, ina zargin daga nan take.

Ki nemi su turo miki hoton takardar an ɗaga ta a gaban fitila. Takardar Turai ta wancan zamani tana da layuka a jikinta kamar saƙar tabarma, wani lokaci har da tambarin masana'anta. Mai santsi marar layi sai a shekarun 1750 ta fito a Ingila, wato bugun da ke kanta na bayan rasuwarsa ne, ko da yake Rembrandt kansa yakan yi bugu a takardar Japan mai santsi, kada wannan ya ruɗe ki. Ki duba gefe kuma: matsin faranti yana barin ɗan zurfi da yatsa ke ji. In kika sa gilashin ƙara girma kika ga ɗigo-ɗigo a jere, hoton inji ne, ki bar musu kayansu.

Ni ma na taɓa ƙonewa. Na sayi wani tsohon littafin tsuntsaye, na ruɗu da kyawun bangonsa, sai da ya iso na ƙirga na tarar an yanke zane uku da reza, gindin shafukan na nan a tsakiyar ɗinki.

Kafin ki ɗaga hannu, ki lissafa la'adar gidan gwanjon. A manyan gidaje irin su Sotheby's da Christie's takan kai kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin da aka sallama miki, ban da haraji da kuɗin aiko kayan.